Gyartai a Cikin Fijo

Kanikawa uku suka duba ta a Ringim,
kowa ya ce inji lafiya lau,
tari ɗaya take yi ta tashi.
Ciwon yana daga ciki:
robar gabanta ta dare kamar fadama a bazara,
murfin akwatin takardu na reto da ƙusa ɗaya,
mariƙin ƙofa ya bar rabinsa a hannun wani fasinja
tun ina aji uku.

An ce in je Ƙofar Ruwa. Na je.
Yaron shago ya juya guntun da na miƙa masa,
ya ce, "Baba, wannan ai ta girmi ubana."

Sai na tuna da Mati,
gyartan gindin tsamiya a kasuwar Gujungu,
wanda ƙwarya ta yi masa ƙaranci
ya koma jinyar bokiti da buta.
Ya iso Taura a bayan babur, buhu a cinya:
basilla, siririyar waya, kaskon gawayi,
wuƙa marar ƙota,
da yankakkiyar baƙar jarka.

Sai da ya cire takalmi ya shiga.
Bai taɓa sitiyari ba.
Ya bi tsagar da farce
kamar mai bin sawun akuya,
har inda ta sirance ta ɓace.
Nan ya huda.

Na ce, "Malam, gyara na kira ka ko ƙarin ɓarna?"
Ya ce, "Tsaga matafiyiya ce.
In ba ka haƙa mata masauki a gaba ba
sai ta kai bango."

Muka kwance ƙusoshi, muka ɗaga robar,
abin da shekaru suka haɗiye ya zubo:
kwabo mai huda,
ƙwallon dabino,
rasit na tashar Gumel da rubutun ya koɗe,
gidan zanzaro,
ɓawon gyaɗa cikin tafi,
sai ɗan kunne guda.

Na san shi.
Na Inna ne, na ranar suna.
A kansa Baba ya karya tsumagiya biyu
a bayan Yaya Hambali,
yana rantsuwa, ba mai ji.
Ni ina bayan rumbu, na yi shiru,
don ni ma ban sani ba,
don kuma ba bayana ba ne.

Mati bai tambaye ni komai ba.
Ya sa wuƙa a wuta har ta yi ja,
ya lanƙwasa waya ƙanana-ƙanana,
ya dinga nutsa su ta baya, ɗaya bayan ɗaya,
kowace ta kama leɓe biyu na tsagar.
Ya narka jarka ya bi kai.
Wari ya kori kaji daga inuwar motar,
ni kuwa na ce hayaƙi ne ya shige mini ido.

Ya goge da samfefa har la'asar.
Ta haɗu, amma tabon na nan,
baƙi a kan baƙi, kamar shasshawa.
"Wanda ya ce zai ɓatar maka da shi," in ji Mati,
"kuɗinka yake so."

Hambali na Fatakwal.
Tun rabon gado, da ya ce a sayar da ita
na ce sai bayan raina,
ko gaisuwar Salla ba ta ratsa tsakaninmu.
Lambarsa na nan. Na duba. Na mai da waya aljihu.

Da na zo biya, Mati ya karɓi rabi,
ya ce sauran a kai shi gida a kujerar gaba,
bai taɓa zama a nan ba.

Muka kama hanya, gilas a sauke,
hannunsa a kan ɗinkin, yana sauraron ko zai motsa.
Bai motsa ba.
Ɗan kunnen ne kawai, cikin akwatin takardu,
duk ramin da muka faɗa
sai ya ƙwanƙwasa.